Asabar, ranar da mai ƙuli-ƙuli ta zo mana

Yau bayan la'asar muka yi taron ƙungiyarmu na wata-wata a ajin firamaren unguwa, inda muka saba. Aikinmu dai bai wuce yashe kwata kafin damina, duba marasa lafiya a asibiti da ɗinka wa marayu kayan sallah ba. Bana mun tara ɗan abin da muke so mu ba wasu mata bakwai da mazansu suka rasu su ja jari, sai shugaba ya ce kafin a raba ko sisi a nemo wadda ta san kan sana'a ta yi mana bayani.

Hajiyar da aka gayyato ta iso da bokitai biyu cike da ƙuli-ƙuli, kantun riɗi da cincin, kowanne a leda an liƙe bakinsa tsaf. Da ta miƙo mini nawa na ga bayan hannunta duk tabon fallatsar mai, wani ya tsufa ya yi baƙi, wani sabo. Hannun Innata sak. Tun daga nan na bar duba waya.

Abin da ta fara faɗa shi ne ribar mai ƙuli a cikin mai take. A soya gyaɗa, a murje, a fece ɓawon, a kai inji, a dawo a yi ta juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, sannan a mulmula tunkuzar a soya ta a cikin man nata. Ta ce ƙulin shi ke mayar da kuɗin itace da na niƙa, man kuma shi ke riƙe gida. Wadda ta yi gaggawa wajen matsa, ta bar ribarta a cikin tunkuza.

Sai ta shiga lissafi, a nan kuwa ta daɗe. Gyaɗa, itace, niƙa, leda, kuɗin adaidaita sahu da ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ta ce akwai abu ɗaya da mata ba sa sakawa, wato ladan guminsu. Mace ta wuni a bakin wuta, da yamma ta ga kuɗi a gwangwani ta yi cefane da su, wata uku jarin ya karye, a ce ba ta da tattali, alhali uwar kuɗin take ci tana zaton riba ce. Ma'ajinmu ya tambaye ta, “To Hajiya, nawa kike ganin zai ishi mutum ɗaya?” Ta ce, “Alhaji, kada ku ba su kuɗi a hannu kawai. Ku haɗa ku sayi gyaɗa da kaka a kasuwar hatsi ta Dawanau lokacin da take araha, ku ajiye a wuri busasshe, ku riƙa ba su tiya-tiya.”

Maganar ajiyar ce ta kawo batun gyaɗar da ta yi fumfuna. Ta ce ita da hannunta take tsince ta tana zubarwa, ko kaji ba ta ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta ƙara da cewa gubar da ke cikin irin wannan gyaɗa tana lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wallahi ban taɓa sani ba. Mu da muna yara, a cikin turmi ɗaya ake zuba mai kyau da marar kyau.

Ta ɗan taɓo rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don manyan kantuna ba sa karɓar kaya sai da ita. Wannan ta ce ba na farko ba ne, a bari sai ƙafa ta tsaya.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne amsar da ta ba ni. Na ce, “Hajiya, wa ke yi miki talla?” Ta ce, “Malama, ba ni da ’yar talla.” Ranar da ta sayi ƙaramin injin liƙe leda ta fara kai kaya shagunan unguwa da kantin makarantu, ranar ’ya’yanta mata suka ajiye faranti. Na yi shiru. Shekara huɗu na yi ina ɗaukar farantin ƙulin Inna zuwa tasha kafin in tafi makaranta, sau da yawa sai an gama darasin farko nake shiga aji, ina warin mai. Inna ba ta da laifi, ba ta da wata hanya ce. Ina so matan nan bakwai da ke cikin jerinmu su samu wata hanyar.

Ba a yanke hukunci ba har aka kira magariba, don wasu na ganin kuɗi a hannu ya fi mutunci, kuma na fahimce su. An dai sa mu uku mu je kasuwar Sabon Gari ranar Laraba mu ji kuɗin injin liƙe leda da sikeli. Hajiya ta ce za ta raka mu, ta san wanda ba ya saurin ƙonewa.