Godiya ga duk wanda ya sa hannu har jirgina ya dawo gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillah, jiya da daddare wajen ƙarfe ɗaya saura lemar saukar jirgi ta buɗe, 'yan sama jannatina Bill da Bob suka faɗa teku a Kerbin, duniyarsu ta gida, lafiya lau, bayan sati uku ina fama da wannan tafiya ta Minmus, ƙaramin watan Kerbin, a wasan kwamfuta na harba jiragen sama jannati mai suna Kerbal Space Program. Na ce wallahi ba zan bari yau ta wuce ban rubuta godiya ba, don da ni kaɗai ne da tuni na goge sef ɗin wasan na haƙura.

Ga waɗanda ba su bi labarin tun farko ba, na sauka Minmus ne da ɗan mai kaɗan, da niyyar in haƙo ƙasa in tace ta zama mai da injin tacewa na Convert-O-Tron 250 sannan in dawo. Ina kunna injin haƙa da na tacewa sai na ga zafi yana ta hawa, aikin kuma yana ta raguwa har ya koma kamar ba a yin komai, ga radiyeta biyu masu fitar da zafi na saka amma kamar babu su. Ni a tunanina ai sararin samaniya sanyi ne da shi, me zai sa abu ya yi zafi a can?

Godiya ta farko ga malaminmu na fizik da ya koyar da mu a sakandare, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Na kai masa gaisuwa ne kawai, hira ta kawo mu nan, sai ya ɗauko filas ɗin shayinsa ya ajiye a gabana ya ce in faɗa masa me ya sa shayin safe yake kaiwa la'asar da zafinsa. Tsakanin bangon ciki da na waje an zuƙe iska, to zafi ba shi da abin da zai hau ya fita. Ya ce jirginka a can sama filas ne, babu iskar da za ta kwashe zafin, hanya ɗaya ce ta rage masa, ya fita kamar yadda kake jin hucin garwashi daga nesa ba tare da ka taɓa ba. Ya ƙara da cewa hatta tashar sararin samaniya ta gaskiya, wato ISS, waɗannan fararen faifai manya da ake gani a jikinta aikinsu ke nan, amoniya ce ke zagayawa tana kai musu zafin. Malam bai taɓa buga wasan ba fa, amma wannan bayanin shi ya buɗe min kai.

Sai ɗan'uwanmu na Maraɗi da ya zauna ya duba hotunan jirgina ɗaya bayan ɗaya da datarsa. Shi ya gano cewa radiyetan da na saka irin na mannawa ne, kuma na manna su can sama jikin ɗakin matuƙa, nesa da injin, alhali irin waɗannan abin da ke kusa da su kawai suke sanyayawa. Masu buɗewa kamar fuka-fuki su ne ke jan zafi daga ko'ina a jikin jirgi. Shi ya nuna min maɓallan F10 da F11 masu nuna zafi, na danna na ga jirgin ya canza kala, wajen injin ya yi jawur. Ya kuma tuna min radiyeta ma wuta yake ci, in dare ya yi a Minmus sola ta daina kawowa batir ya mutu to komai ya tsaya. Yaya, Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Da shawararsa na tura ƙaramin jirgi da kaya, tunda daga fitowar sigar 1.11 ta wasan injiniya yana iya fita waje ya ɗaura abu da hannunsa. Bill, wanda shi ne injiniyan, ya fita ya manna radiyetocin a jikin injin kai tsaye. Na zauna ina kallon lambar zafin injin ta tsaya cak a 1000 K, wato a ma'aunin zafi na Kelvin, ba ta ƙara motsi ba, tanki ya fara cika, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Dawowa kuma wani tashin hankalin ne daban. Sau huɗu ina shigowa iskar Kerbin da gudun sama da mita 3,000 a sakan, sau huɗu akwatin binciken kimiyya na Science Jr yana fashewa ya tafi da sakamakon binciken gaba ɗaya, saboda shi 1200 K kawai yake iya ɗauka. 'Yar'uwarmu da ke karatun injiniya ita ta ce in daina nacin dawowa da shi, Bob ya fita ya kwashe bayanan ya shiga da su ciki, a yar da kwankon a sama. Ta ce kuma tsayin kilomita 15 daga ƙasa da nake nutsowa ya yi ƙasa da yawa, in ɗaga zuwa wajen 30, in juya garkuwar zafi ta fuskanci gaba in riƙe ta a haka kar in taɓa komai. Yadda ta kwatanta garkuwar ya zauna min, ta ce kamar randar ƙasa ce, ruwan da ke tsattsafowa ya bushe shi ke tafiya da zafi, ita ma fatar garkuwar tana ƙonewa tana barewa tana tafiya da nata. Na gode ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ba zan manta da ƙanina ba, da ya ga laftof ɗin ita ma tana kashe kanta saboda zafin bazarar nan, ya kwance ta ya share ƙurar fanka ya ɗora ta kan katako biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Da uwargida da ta yi haƙuri da ni dare bayan dare, jiya ma tana zaune gefena lokacin da wuta ta lulluɓe jirgin, ita ta fara cewa alhamdulillah kafin ni.

In Allah ya yarda bayan sallah duniyar Duna za mu nufa, kuma wannan karon sai na turo muku hoton jirgin kun duba kafin ya tashi.