Kofin da aka ajiye mini a bakin ƙofa

Na sauka Italiya a watan Nuwamba na 2018, bayan maigida ya daɗe yana bin takardun da za su ba ni damar biyo shi. Gidan hayarmu yana hawa na biyu, a wani ƙaramin gari kusa da Treviso, cikin yankin Veneto. Hazo ne ya fara tarbata, amma ba irin namu na hunturu mai fasa leɓe ba. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa ƙashi. Maigida kan fita masana'anta tun da asuba, ni kuwa in ban da makarantar manya da nake zuwa koyon Italiyanci, wuni nake yi da waya a hannu ina jiran kira daga Katsina.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai. Fiye da shekara muna tare, ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar kalma ɗaya a matakala. Abin ya dame ni ƙwarai, don a wurinmu gaisuwar da ba a tambayi gajiya da mutanen gida ba, ba ta cika ba.

Na haihu a watan Afrilu na 2020, ƙasar duka tana kulle saboda korona. Da an shirya Inna za ta zo, sai jirage suka daina tashi. A gida da yanzu ana dafa mini ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da yamma, ana dama kunun kanwa, ana ɗura mini farfesu har in yi arba'in. A nan daga ni sai maigida sai jaririya, sunan ma ta waya aka yi shi.

Kwana uku da dawowarmu daga asibiti aka ƙwanƙwasa. Maigida ya buɗe, ya tarar da kofi a ƙasa an rufe shi da ɗan faranti, tsohuwar tana can bakin ƙofarta da takunkumi a fuska. Ya yi godiya, sannan ya tambaye ta a ladabce ko akwai giya a ciki. Ta ce babu ko ɗigo, gwaiduwar ƙwai ce aka buga da sukari, aka zuba gahawa kaɗan. Sunansa sbatudin, kuma a ƙauyukan Treviso shi ake bai wa mai jego, da yara, da wanda ya tashi daga ciwo, don ƙarfi ya dawo. Na sha ina hawaye. Ashe su ma suna da nasu kunun kanwa.

Kullum safiya kofin nan sai ya zo. Ni kuma ban taɓa mayar da shi haka nan ba: yau dabino, gobe cincin, wata rana dubulan. Da aka sassauta kulle a watan Mayu, bayan ƙaramar Sallah, na shiga ɗakin girkinta karo na farko. Na ce mata Signora, ta ce in daina, in ce Nonna, wato Kaka. Ranar ta ce za ta nuna mini abin da sbatudin ya haifa, shi ne tiramisu. Ma'anar sunan ita ce “ɗaga ni sama”.

Da gahawa ta fara, a 'yar tukunyar nan ta moka da ba ka rasa ta a gidan ɗan Italiya, ta juye a faranti mai zurfi ta bar ta ta huce sarai. Ta fasa ƙwai 6 ta ware gwaiduwa kawai, ta zuba sukari giram 200, ta ba ni maburgi ta ce in buga har sai ya yi fari-fari ya kumbura. Sannan ta kawo maskarpone giram 500, wani cuku mai laushi kamar kindirmon da aka tsane, marar tsami, asalinsa daga yankin Lombardiya. Shi ba a dukansa da ƙarfi, a hankali ake juya shi cikin ƙwan don kada ya tsinke. Sai biskit ɗin savoiardi guda 30, dogaye kamar yatsu. A tsoma kowane a gahawa a cire nan take, a jera a tire, a shimfiɗa rabin haɗin, a sake jera wani sahun, a rufe da sauran. A firji yake kwana. Sai za a ci ake barbaɗa garin cakulan mai ɗaci da rariya.

Tana jerawa tana ba ni tarihi da alfahari. A wani gidan abinci da ke tsakiyar Treviso, Le Beccherie, aka sa shi cikin jerin abincin sayarwa a 1972. Mutanen Friuli, maƙwabtansu, sun ce nasu ne, kuma a 2017 ma'aikatar noma ta ƙasa ta sa shi cikin abincin gargajiyar Friuli, abin da har yau Nonna ba ta haɗiye ba. Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne na Treviso na asali ba giya a cikinsa. Masu zuba giyar Marsala daga baya suka zo. Duk da haka, na kanti ko na gidan abinci ba na taɓawa sai na tambaya.

Na farko da na yi ni kaɗai ya lalace. Na yi gaggawa na tsoma biskit a gahawa mai ɗumi, na kuma bar shi ya sha da yawa, washegari ƙasan tiren duk ya zama ruwa. Na ji zafin asarar, don maskarpone ba araha ba ne a aljihunmu. Nonna ta ɗanɗana, ta kama hannuna ta nuna mini: tsoma, juya, cire, kafin in gama bisimilla. Daga baya na koyi zuba tafasasshen ruwan sukari a kan gwaiduwar ina bugawa, saboda matanmu da yawa ba sa son ɗanyen ƙwai.

Yanzu hannun Nonna yana rawa, ni ke buga mata ƙwai duk Asabar, yarinyata tana zaune a cinyarta suna hira da harshen Veneto da ni kaina ban gama ji ba. Kwanan baya wata yarinya 'yar Agadas da muke haɗuwa a masallaci ta haihu, ita ma ba kowa nata a kusa. Na dama kunun kanwa na cika fulas, na ɗauki tiren tiramisu. Ina kulle ƙofa sai ga Nonna ta fito da rigar sanyinta da sandarta, kofi a ɗaya hannun an rufe shi da ɗan faranti. Ta ce, “Riƙe ni mu sauka, 'yata, tare za mu.”