Zafi mai laima: yadda na sake tsarin jiki da na gida bayan ƙaura

Wanda ya saba da busasshen zafi yakan ɗauka babu wani zafin da zai ba shi mamaki. Sai ya koma ƙasar da lokacin zafinta ke zuwa da laima, ya ga ma'auni bai wuce digiri 32 ba, amma riga ta manne masa a baya, barci ya gagara, tawul ɗin da ya shanya da safe har dare bai bushe ba. Da na koma irin wannan ƙasa, abin da ya fi yi mini amfani shi ne na rage kula da lambar zafi, na koma bin diddigin ruwan da ke cikin iska. Duk dabarun da zan kawo daga nan suka samo asali.

Fitowar zufa kaɗai ba ta sanyaya jiki, bushewarta ce ke yin aikin. Kowace lita ɗaya da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafin da ya kai kilokalori 580 ko kusa da haka. Wadda ta tsiyaye ƙasa ko aka goge da hankici asara ce kawai: jiki ya rasa ruwa da gishiri, zafin kuma yana nan daram. Iskar da ta riga ta ƙoshi da tururi ba ta da wurin karɓar ƙari, shi ya sa mutum ke jiƙewa sharkaf bai samu sauƙi ba. A jadawalin hukumar hasashen yanayi ta Amurka, digiri 32 da laimar kashi 40 cikin 100 jiki yana jin sa kamar 33, amma da laimar kashi 70 sai ya ji kamar 41. Wannan lissafin na inuwa ne. A tsakiyar rana yana iya ƙaruwa da digiri 8.

Kason laima da manhajar yanayi ke nunawa yana da ruɗarwa, domin yana hawa yana sauka da zafin iska. Iska mai digiri 20 tana iya ɗaukar tururi giram 17 a kowace mita kubik, mai digiri 30 kuwa tana ɗaukar giram 30. Saboda haka asuba mai digiri 25 da laimar kashi 95, da la'asar mai digiri 33 da kashi 60, ruwan da ke cikin iskarsu kusan ɗaya ne. Lambar da na dogara da ita ita ce matakin raɓa, wato digirin da idan iska ta huce ta kai shi ruwa zai fara sauka a kan abubuwa. Ƙasa da 13, iska busasshiya ce mai daɗi. Daga 16 zuwa 18 fata ta fara danƙo. Daga 21 zuwa sama aiki a waje ya fara nauyi, a 24 kuwa ko zama kake yi zufa ba za ta bushe ba. A Dhahran ta Saudiyya an taɓa auna 35 a watan Yulin 2003, iya ƙurewar abin ke nan. Idan manhajarka ba ta nuna shi, ga lissafin kai: cire kason laima daga 100, raba abin da ya saura gida biyar, sannan ka cire sakamakon daga digirin zafi. Digiri 32 da kashi 70 zai ba ka 26. Lissafin yana yin daidai muddin laimar ta haura kashi 50.

Jiki yana sabawa, amma sai an ba shi kwana 7 zuwa 14. A cikin wannan lokacin ruwan jini yana ƙaruwa, zufa tana fara fitowa da wuri, gishirin da ke cikinta yana raguwa, bugun zuciya kuma yana sassautawa a kan aikin da a da yake sa haki. Ƙa'idar da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta shimfiɗa wa sabon ma'aikaci ita ce kada ya wuce kashi 20 na aikin yini cikin zafi a ranar farko, kada kuma ƙarin kowace rana ya wuce kashi 20. Ita na bi wajen tafiyar ƙasa da motsa jiki, da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Wanda ya kulle kansa cikin sanyin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana ba zai saba ba, wanda kuma ya yi makonni a wuri mai sanyi ya dawo sai ya sake farawa a hankali.

Batun shan ruwa, sikeli ya fi ƙishirwa faɗin gaskiya. Ka hau kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo bayan ka cire jiƙaƙƙun kaya. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta tafi, kuma abin da ake mayarwa shi ne lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a cikin awannin da ke biye. Lokacin aiki a zafi, kofi ɗaya na mililita 240 duk minti 15 zuwa 20 ya isa, kada a haura lita ɗaya da rabi a awa guda. Ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙima yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da tashin zuciya, har ya kai ga abin da ya fi haka muni. Idan zufar ta awanni ce, ruwan gishiri da sukari ya fi: lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ya fara jin ta bakin likitansa, haka ma mai shan maganin sa fitsari ko na ƙaiƙayi da mura, don wasunsu suna rage wa jiki ƙarfin jure zafi.

Alamomin illar zafi a jiki iri biyu ne, kuma bambancinsu rai ne. Jiri, kasala, ciwon kai, ɗaurewar tsoka da zufa mai yawa galabaita ce: inuwa, kwanciya, sassauta tufafi, ruwa kaɗan-kaɗan. Idan rabin awa ta wuce babu sauƙi, asibiti. Amma da zarar mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, zafin jikinsa yana iya haura digiri 40, kuma ba lallai ne zufarsa ta tsaya ba. A kira motar asibiti, kafin ta iso a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a riƙa kwara masa ana fifita. Farasitamol ba ya maganin wannan, kuma ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Cikin gida ne aka fi shan bambam da dabarun busasshen zafi. Yayyafa ruwa a ƙasa, rataye jiƙaƙƙen zani a taga, da na'urar nan mai hura iska ta cikin ruwa, duk suna aiki ne inda iska ke jin ƙishi. A ƙasa mai laima ƙara wa ɗaki ruwa kawai suke yi. Abin farko da ya kamata a saya shi ne ƙaramin ma'aunin laima. Ana gwada gaskiyarsa da gishiri: zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙa shi ba tare da ya narke ba, saka shi da ma'aunin cikin leda mai zif, bar su su kwana. Ya kamata ya nuna kashi 75. Idan ya nuna 70, ka san kullum za ka riƙa ƙara masa biyar. Abin nema a ɗaki shi ne ƙasa da kashi 60, in so samu ne wajen 50.

Buɗe taga da dare ba kullum ne alheri ba. Idan ɗakina yana kan digiri 26 da kashi 55, matakin raɓarsa 17 ne. Idan waje yana kan 25 da kashi 90, nasa 23 ne. Waje ya fi sanyi da digiri ɗaya, amma buɗe tagar zai shigo da ruwan da esi ya yini yana fitarwa. Ina buɗewa ne kawai idan matakin raɓar waje ya yi ƙasa da na ciki, ban da 'yan mintuna na sabunta iska. Wanda ba shi da esi kwata-kwata lissafinsa daban ne: shi motsin iska yake nema, sai ya buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ya sa fanka a ɗaya tana hurawa waje.

Shi esi yana cire ruwa ne saboda ƙarfen cikinsa ya fi matakin raɓa sanyi, tururi ya sauka a kai ya bi tiyo ya fita. Wannan yana faruwa ne kawai yayin da kwamfireso, wato injin da ke samar da sanyin, ke aiki. Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yana sanyaya shi cikin 'yan mintuna ya tsaya, kafin ya tsotse abin kirki, sai a samu ɗaki mai sanyi da danshi, zanen gado kamar an yayyafa masa ruwa. Maganin shi ne maɓallin busarwa, wanda a yawancin rimot alamar ɗigon ruwa ce, ko a rage gudun fankarsa. Kada a bar fankar tana hurawa bayan kwamfireso ya tsaya, don ruwan da ke kan ƙarfen zai koma ɗaki. Ina ajiye nawa a kan 26 zuwa 27 tare da fankar ɗaki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan haɗin yana sa a ji kamar an rage digiri 4. Ita ce kuma ta yi gargaɗin cewa fanka kaɗai ba ta da amfani idan zafin ɗaki ya haura 40. Filta a wanke ta duk mako biyu. Idan ruwa ya fara ɗiga daga jikin esin cikin ɗaki, galibi tiyon ne ya toshe da yauƙi ko ya lanƙwashe.

Ranakun ruwan sama masu laima ba tare da zafi sosai ba, na'urar tsotse laima ta fi dacewa. Iri biyu ce: mai kwamfireso, wadda ta fi aiki a ɗumi, da mai sinadarin tsotsa, wadda ta fi dacewa da sanyi amma tana ƙara wa ɗaki zafi sosai. Ta farkon ake saya don lokacin zafi. Litocin da aka rubuta a kwalinta galibi an auna su ne a digiri 30 da kashi 80, don haka a ɗakinka za ta tara ƙasa da haka, ba lalacewa ta yi ba. A rufe ƙofa da taga yayin da take aiki, in ba haka ba unguwa gaba ɗaya take busarwa.

Funfuna ba ta jira. Abin da ya jiƙe ya wuce awa 24 zuwa 48 bai bushe ba, ta samu wurin zama, kuma ta fi son inda iska ba ta motsi: bayan kabad, ƙarƙashin katifa, cikin takalmin fata, kusurwar banɗaki. Na janye kayan ɗaki santimita 5 zuwa 10 daga bango, ina jingine katifa sau ɗaya a mako fanka na hura ta, ba na cusa kaya dam a kabad, kuma ina barin ƙofarsa a buɗe lokacin da esi ke aiki. Robobin tsotse danshi masu farin sinadari suna da amfani a rufaffen wuri kawai, ruwan da suka tara kuma yana ɓata kayan fata da ƙarfe idan ya zube. A kan tayil da sauran abubuwan da ba sa shan ruwa, bilic kofi ɗaya cikin ruwa lita huɗu ya isa, da safar hannu, taga a buɗe. Kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin guba yake fitarwa. Idan gidan haya ne kuma tabon yana dawowa wuri ɗaya, a ɗauki hoto a sanar da mai gida a rubuce, don wataƙila yoyo ne cikin bango.

Wanki ma sai da dabara. Warin tsamin da tufafi ke yi ƙwayoyin cuta ne da suka hayayyafa saboda jinkirin bushewa, ƙarin turare ba ya kashe su. A matse da injin sosai, a shanya nan take da tazarar tafin hannu tsakanin kaya, fanka ko na'urar tsotse laima na hurawa daga ƙasa, ƙofa a rufe. Cikin awa biyar ya kamata su bushe. Tawul ɗin da ya riga ya yi wari a wanke shi a digiri 60, ƙofar injin wankin kuma a bar ta a buɗe bayan an gama. Wajen sawa, lilin da siririyar auduga masu walawa sun fi komai don zirga-zirgar yau da kullum, amma auduga idan ta jiƙe tana riƙe ruwa, saboda haka don motsa jiki yadin roba mai saurin bushewa ya fi. Ƙurajen zafi da ƙaiƙayin matsematsi da na tsakanin yatsun ƙafa duk daga fatar da ta daɗe a jiƙe suke tasowa. A tsane waɗannan wuraren sosai bayan wanka, a rage man shafawa mai kauri, a riƙa hutar da takalmi kwana ɗaya bayan an sa shi.

Kyamara da kwamfuta suna yin raɓa idan an fito da su daga sanyin esi zuwa waje. A bar su cikin rufaffiyar jaka kamar rabin awa su ɗauki ɗumin wurin kafin a kunna. Takardun shaida, fasfo da gilasan kyamara suna cikin akwatin roba mai rufuwa ruf tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, wanda idan ya ƙoshi ana gasa ƙwayoyinsa a oben mai digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu su dawo aiki. Idan kuma tafiya ta kama ta mako biyu ko fiye, gida a rufe babu motsin iska shi ne abin tsoro. Ina haɗa wa na'urar tsotse laima tiyo ya zuba kai tsaye a magudanar banɗaki, in saita ta a kashi 55, in buɗe ƙofofin ɗakuna da na kabad, in kwashe shara, in tabbatar babu jiƙaƙƙen abu ko ɗaya a kwandon wanki.