Kafin ka miƙa gwiwarka ga masu gashin ƙashi

Ƙanena mai buga ƙwallo, da ke ƙanwata mai gudu ko ɗaga ƙarfe, da yawa daga cikinmu da muka riga ku jin rauni mun zaɓi wurin gashin ƙashi (physiotherapy) ne da jin daɗin jiki. Inda za a kwantar da mutum, a shafa masa mai, a ɗora tawul mai ɗumi, a manna masa wayoyin lantarki a cinya na minti 20, ya tashi yana jin sakayau, nan muka ɗauka gwanaye suke. Sai bayan wata 2 a duba a ga ƙafar tana nan jiya i yau, cinyar ma ta ƙara ramewa.

Dalilin a fili yake. Jijiyar da ta yage, da tsokar da ta zube bayan an cire filasta, da agarar da ta daɗe tana ciwo, ba sa yin ƙwari sai an riƙa ɗora musu nauyi kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Ɗumi da tausa da lantarki suna kwantar da raɗaɗi na ɗan lokaci, kuma suna da ranarsu, amma tsoka sai da aiki take ginuwa. Saboda haka ranar da ka je duba wuri, fara da kallon ɗakin. Idan gadaje ne jere da labule da na'urori, babu filin da mutum zai yi tsalle, babu ƙarafan ɗagawa, babu robar ja, babu keken motsa jiki ko akwatin hawa da sauka, to wannan wurin ba zai iya mayar da kai fili ba, komai kirkin ma'aikatansa.

Zaman farko shi ke nuna maka da wa kake tare. Ya kamata ya ɗauki kamar minti 45 zuwa awa 1, kuma tambaya da gwaji za su ci rabinsa. Yaya ka faɗi? Ka ji ƙara a cikin gwiwar? Ta kumbura nan take ko sai da gari ya waye? Tana sulluɓe maka idan ka juya? Daga nan a sa ka tattara wando, a gwada ƙafar mai ciwo da mai lafiya gefe da gefe. Kula da hannun likitan gashin. Wanda ya san aikinsa zai ɗauko ma'aunin kusurwa, wani ɗan roba mai hannu biyu kamar almakashi, ya ɗora a gefen gwiwa ya karanta digiri nawa take lanƙwasawa. Zai zagaya cinya da tef a wuri ɗaya a ƙafafun biyu, ya gwada ƙarfin tsoka, ya rubuta lambobin a katinka. Waɗannan lambobin su ne shaidarku nan gaba. In babu su, duk abin da za a riƙa gaya maka shi ne «ana samun sauƙi», kai kuma ba ka da abin da za ka auna maganar da shi.

Kada kunya ta hana ka yi wa likitan gashin tambaya. Yana da rajista da hukumar da ke ba masu wannan aiki lasisi a ƙasarka? Shi zai riƙa ganinka kowane zuwa, ko yau wannan gobe wancan? Mutum nawa yake dubawa a lokaci guda? Mataimaki zai iya tsayawa a kanka kana atisaye, wannan ba laifi ba ne, amma canza tsarin atisayen aikin mai lasisi ne. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko ya saba da irin rauninka, domin wanda ya ƙware a kan masu shanyewar ɓarin jiki ba lallai ne ya san matakan mayar da ɗan wasa fili ba.

Idan tiyata aka yi maka, a nan ne zaɓen wuri ya fi nauyi. Ɗauki gyaran jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL. A makonnin farko babban abin nema shi ne gwiwar ta miƙe sarai kamar 'yar'uwarta, kumburi ya sauka, tsokar gaban cinya ta farka har ka iya ɗaga ƙafar a miƙe ba tare da ta saki ba. Masu sa filo a ƙarƙashin gwiwa don jin daɗin kwanciya sukan wayi gari ta ƙage a lanƙwashe, kuma ƙwato waɗannan 'yan digirin daga baya wahala ce ƙwarai. Dole wurin ya nemi takardar likitan da ya yi tiyatar, saboda idan an haɗa da ɗinkin guringuntsin gwiwa, ƙa'idar taka ƙafa da lanƙwasa ta takan canza. Wanda bai tambayi wannan takarda ba, lalube yake yi.

Sai maganar komawa wasa, inda matasa suka fi yin asara. A wata na 4 ko na 5 ciwo ya tafi, kana gudu, abokai suna kira, zuciya tana cewa ai shi ke nan. Amma sabuwar jijiyar ba ta gama nuna ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya bi 'yan wasa a Oslo ta Norway da Delaware ta Amurka, ya gano cewa kowane wata da aka jinkirta komawa, har zuwa wata na 9 bayan tiyata, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Wurin kirki zai kuma gwada ka kafin ya sake ka: ƙarfin cinya da nisan tsalle da ƙafa ɗaya su kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙafar mai lafiya. Tun ranar farko ka tambaya da me za su gane ka isa komawa. Idan amsar ita ce «in ka daina jin ciwo», nemi wani wuri.

Targaɗen idon sawu ma, da ake rainawa, yana da ƙa'ida. Akwai sharuɗɗan Ottawa da aka fitar a Kanada a 1992: idan ba ka iya taku 4 ba, ko kana jin zafi in an danna bayan ƙashin idon sawun ko tushen ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa, hoton ƙashi ake fara yi kafin a taɓa ka. Idan kuma ba karaya, kada a sallame ka don kumburi ya sauka. Sai an horar da tsayuwa a ƙafa ɗaya, ido buɗe sannan a rufe, a ƙasa mai tauri sannan a kan abu mai laushi. Tsallake wannan matakin na daga cikin abin da ke sa ƙafa ɗaya ta riƙa gurɗewa duk shekara.

Game da zafi, atisaye zai ɗan yi ciwo. A ciwon agara da na tsoka, zafin da bai wuce 3 ko 4 cikin 10 ba, wanda kuma ya lafa kafin safiya, yawanci ba matsala. Idan ka tashi da kumburi ko ɗingishin da babu shi jiya, nauyin ya yi yawa, ka faɗa a rage. Wasu alamun kuwa na asibiti ne nan take: sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi bayan tiyata, numfashi ya yi wuya, zazzaɓi tare da ruwa daga wurin ɗinki, ko ciwon baya da ya zo da mutuwar jiki tsakanin cinyoyi da kasa riƙe fitsari.

Lissafa nisa da kuɗin watannin gaba ɗaya, domin zuwa sau 2 a mako na tsawon watanni ba wasa ba ne, kuma mai nisa shi ake fara yankewa. Mafi yawan aikin ma a gida za ka yi shi, don haka a rubuta maka shi dalla-dalla: wane motsi, sau nawa, zagaye nawa, da nauyi nawa. Bayan mako 4 zuwa 6 ka nemi a sake awon nan na ranar farko. Idan lambobin ba su motsa ba, atisayen ma bai canza ba, ka karɓi kwafin katinka da hotunanka ka kai wa wani ya duba da sabon ido.