Sai an biya dillali ne kafin yaro ya samu jami'a da wasan tanis a Amurka?

Duk wanda yake da yaro ko ƙani mai buga tanis da ya fara kai shekara 15 ko 16 ya san irin saƙonnin da nake nufi, su shigo ta imel su shigo ta Instagram, wai mun ga wasan ɗanka ya burge mu, muna da hanya da kociyoyin jami'o'in Amurka, a zo a yi magana. Kana amsawa sai a jero maka tsari kala-kala, na ƙasa ɗaruruwan daloli, na sama dubbai. Iyaye kuma abin da zuciya, tunda an riga an kashe kuɗi a raket da takalma da kuɗin koci da tafiye-tafiye sai ka ji to wannan na ƙarshen ne zai gagara?

Ni dai ra'ayina yawancin yara ba sa buƙata, kuma dalilin yana cikin yanayin tanis ɗin kansa. A ƙwallon ƙafa sai an zauna an kalli yaro kafin a san me ya iya, tanis kuwa lamba ce take magana. Akwai UTR, ma'aunin da ya tashi daga 1 zuwa 16.5, yana duba wasanninka 30 na baya-bayan nan cikin wata 12, da wa ka buga, gem nawa ka ci a hannunsa. Akwai kuma ma'aunin WTN na ITF, hukumar tanis ta duniya, shi nasa a juye yake, daga 40 ake saukowa zuwa 1. Koci kafin ya gama karanta gaisuwarka ya riga ya buga sunan yaron ya ga lambarsa. In ƙungiyarsa masu lambar UTR 12 da 13 ne a cike, naka kuma yana 9, wallahi ko kamfanin waye ya turo shi amsar ɗaya ce. Dillali zai iya kai ka wajen mai saye amma ba ya ƙara wa saniya ƙiba.

Sannan me suke sayarwa ma? Su buɗe wa yaro shafi, su haɗa masa bidiyo, su ba shi jerin makarantu, su tura saƙo. To imel ɗin kowane koci yana nan a shafin wasanni na jami'arsa kyauta, sunayen 'yan wasansa suna nan, har ajin da kowa yake, ka ga kenan za ka iya ƙirga mutum nawa ne za su gama bana a samu gurbi. Bidiyo kuma waya ta isa, a kafa ta a bayan fili daga ɗan sama yadda za a ga duka ɓangarorin biyu, a ɗauki wasa na gaske da maki da kuskure da komai, ba wai a yanko dukan da suka yi kyau kawai a sa kiɗa a kai ba. Koci so yake ya ga me yaro yake yi in an matsa masa a sabis na biyu.

Inda aka fi ruɗar iyaye shi ne maganar sikolashif, wato tallafin kuɗin karatu. Shekara da shekaru dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka mai rukuni uku, a rukuni na ɗaya ita ce ƙungiyar maza tana da sikolashif 4.5 ne kacal a raba wa kowa da kowa, mata kuma 8, wanda yana da alaƙa da dokar Title IX ta 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantu. Shi ya sa 'ya mace mai ƙoƙari ta fi samun cikakken tallafi, namiji kuwa sau da yawa gutsure yake samu, sauran baba ya cika. A 2025 bayan sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA, an cire wannan iyaka ga makarantun da suka shiga tsarin, aka koma ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 10, amma don an ce kana iya bayarwa ba yana nufin kuɗin suna nan ba, tanis ba wasan da yake kawo wa jami'a kuɗi ba ne. Rukuni na uku kuma sam ba sa ba da sikolashif na wasa, sai dai na ƙoƙarin karatu ko na rashin hali, kuma akwai jami'o'i masu kyau sosai a can da mutane suke rainawa don kawai an ce na uku. Ga kuma makarantun da ba sa ƙarƙashin NCAA, na hukumar NAIA da kwalejojin shekara biyu na hukumar NJCAA. Duk wanda ya ce maka ya yi alkawarin cikakken tallafi tun bai ga sakamakon yaro ba, tashi ka bar wajen.

Wani abu kuma, in kamfani ya ce a biya shi kaso daga cikin tallafin da aka samu, a yi hattara. NCAA ta daɗe da cewa ana iya biyan kamfani ya yaɗa bayanan ɗan wasa, amma kada kuɗin ya dogara da samar masa sikolashif. Garin neman gira kar a rasa ido.

To babu wanda ya kamata ya biya kenan? Akwai. Fiye da rabin 'yan tanis na rukuni na ɗaya baƙi ne daga wasu ƙasashe, kuma hanya ce tsohuwa, Nduka Odizor daga Legas ta Jami'ar Houston ya bi kafin ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, Mayar Sherif ta Masar ta yi Pepperdine, Kevin Anderson na Afirka ta Kudu ya yi Illinois. Yaron da yake wajen Amurka matsalarsa takardu ce. Sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, a auna sakamakonsa na sakandare a kan darussa 16 da suke nema da makin GPA 2.3 a rukuni na ɗaya, ga fom ɗin I-20 da makaranta take bayarwa ga bizar ɗalibai ta F-1. Sannan ga tarkon da yake kama mutane da yawa, a tanis na rukuni na ɗaya wata shida kawai ake ɗaga maka bayan gama sakandare, in ka wuce haka kana ta buga gasa ba ka shiga jami'a ba sai a fara zaftare maka shekarun wasa. Iyayen da ba su taɓa jin wannan ba, su biya mutum ɗaya da ya san harkar, tsohon koci ko wanda ya buga a can, ya zauna da su ya duba takardu ya faɗa musu gaskiyar matakin yaron, wannan kuɗi ne da suka yi aiki. Amma a tambaye shi 'yan tanis nawa ya kai, wace makaranta, kuma a ba ka dama ka yi magana da iyayensu da kanka.

Sauran kuɗin ni da gasa zan kai su, don yaron da yake da ƙarfi amma wasanninsa ba sa shiga UTR kamar babu shi ne a idon koci. Kuma shi yaron ne zai rubuta imel ɗin da hannunsa ba baba ba, gajere, da lambarsa da makinsa na makaranta da shekarar da zai gama da bidiyo, da layi ɗaya da zai nuna ya san wace makaranta yake rubuta wa. In an ji shiru kar a tada hankali, kociyoyin rukuni na ɗaya doka ba ta yarda su fara magana da yaro ba sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, kwatankwacin SS1 ɗinmu. Ya sake turawa bayan kowace gasa da ya yi abin kirki.