Ƙwannafi ya kai ni awo, na dawo da labarin hanta

Ni fa lafiyata lau na je awo, cikina wata huɗu, ba abin da ke damuna sai ƙwannafi, in na ci ƙosai ko wani abu mai yaji sai in ji kamar an hura min wuta daga ƙirji har maƙogwaro, mutan gidanmu suna ta tsokanata wai gashin jariri ne, ni kuma dama tun ina budurwa duk abin da ya taɓa min ciki olsa nake ce masa. Aka ɗebi jini, da na koma karɓar sakamako nas ɗin ta ja ni gefe ta ce baiwar Allah kina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Na ce a'a sista a sake dubawa, ni ko shawara ban taɓa yi ba, idona fari tas. Ta ce ai yawanci haka yake, mutum sai ya yi shekaru da ita bai sani ba, kuma a Najeriya binciken 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna da ita.

Kuka dai na sha shi a adaidaita har gida.

Kafin kwana biyu magunguna sun taru, wannan ta kawo jiƙo a jarka, waccan ta ce fitsarin raƙumi, surukata kuma Allah sarki ba da mugunta ba ta ware min kwano da kofi. Sai da maigida ya kai ta gaban likita ya yi mata bayani da kansa, ya ce Hajiya ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa, ta jini ne, reza ko askar wanzami da aka yi wa wani aiki da ita, allurar da aka maimaita, saduwar aure, sai babbar hanya daga uwa zuwa ɗa lokacin haihuwa. Jiƙon ma ya ce in ajiye, hantar da ake lallaɓawa ba a ɗora mata abin da ba a san ƙarfinsa ba. Aka gwada maigida ba shi da ita, aka fara masa rigakafi guda 3. Ni kuma aka yi min gwajin yawan ƙwayar, mai shegen tsada, da ya yi sama da an sa ni kan Tenofovir, maganin rage ƙwayar, daga sati na 28, nawa ya zo ƙasa alhamdulillah.

Maganar da ta hana ni barci ita ce ta jaririn. Babba in ya ɗauka yawanci jikinsa na korar ta, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kusan 9 cikin 10 da ita za su girma, shi ya sa allurar rigakafi ta farko dole a yi wa jariri a cikin awa 24 da haihuwa. To mu da muka saba sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in ake fita da yaro? Na haihu daren Juma'a, aka ce mu dawo ranar rigakafi wai ba za a buɗe kwalba saboda yaro ɗaya ba, wallahi daga kan gado nake masifa, maigida ya ɗauki yarinya da ƙanwata suka yi ta zaga asibitoci sai bayan la'asar ɗin Asabar aka samu. Sauran an yi mata a sati 6, 10 da 14. Nono kam na ba ta abina, likita ya ce ba komai. Ranar suna wanzami ya zo na ce sabuwar reza a gabana, cire beli kuma na ce ban yarda ba, har yau gwaggona ba ta huce ba.

Duk wata shida nake zuwa a duba min hanta yanzu. Ƙwannafin da ya kai ni kuwa ashe ba ruwansa da hanta, mahaifa ce ke danno ciki sama, ina haihuwa ya ɗauke. Yarinyar kuma da ake ta cewa gashi, kanta ƙwal ta zo kamar ƙwarya.