Buhun da na ba yaron jari bola

Yau da safe na zazzage durowar shagonmu, tsofaffin caja, kebul ɗin kwamfuta da suka tsinke, da wata waya da batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, duk na zuba a buhu na miƙa wa wani yaro ɗan jari bola, ya ce Allah ya ƙara kasuwa yaya, ni har ina murna na rabu da tarkace. Da la'asar zan wuce masallaci ta bayan layi kawai sai na gan shi tsugune gaban wuta yana ƙona robar kebul ɗin don ya ciro jan ƙarfen ciki, hayaƙi baƙi ƙirin na dukan fuskarsa, ba takunkumi ba safar hannu, yana tari yana juya su da kara. Wallahi bai wuce shekara 13 ba. Ga buhuna nan yashe a gefensa.

Jikina ya yi sanyi sosai. Hayaƙin robar nan guba ne, darmar da ake liƙa kayan cikin na'ura da ita kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, shi ko batirin waya in ya ji wuta fashewa yake yi. Na karɓe wayar tun bai jefa ta ba, gobe zan kai wa masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre nan Kano, ko gilashinta ko sifika wani zai mora. Sauran kam sun riga sun ƙone. Har yanzu tarin yaron nan nake ji a kunnena, kuma da hannuna na ba shi buhun.